Gwiwar Wando da Injin Baba Hamadjam

Ni fa ba ni na ce zan yi muku bayani ba. Ina zaune ina shan shayina, Kawu Iliyasu ya leƙo ya ce, "Sallau, ga sababbin yara sun zo koyon aiki, tashi ka gaya musu yadda abin yake." Na ce Kawu, ni da ko jarrabawar sertifika ta gama firamare sai da na maimaita, ni da malamin lissafinmu har yau in ya hango ni a kasuwa yake canza hanya? Ya ce ai shi ya sa, aƙalla za su gane Hausarka.

Haka aka jawo ni cikin wannan magana, kuma haka aka jawo ni cikin sana'ar tun farko. Ina kilando ɗina lafiya lau, ina ɗaukar fasinja a babur daga babbar kasuwar Garoua zuwa bakin gada, iska na kaɗa ni, sai wata mata ta zamo daga baya ita da kwandon kifinta. Ita ce ta ƙi riƙewa, amma wa zai saurare ni? Washegari Inna ta kamo kunnena, a ƙafa, har cikin wannan atilye, wato shagon feren ƙarfen nan, ta ce wa ƙanenta, "Iliyasu, ga shi nan. Ko ka mai da shi mutum, ko ka narka shi ka yi tukunya."

To ga ku nan. Tun da kuka shigo na ga kuna kallon gwiwar wandona kuna ƙunshe dariya. Kai mai jar hula, na gan ka. Ku yi dariyarku, za mu zo kan gwiwar. Na kuma ji ɗayanku yana cewa aikin ba wuya, ka ɗaura ƙarfe, ka danna maɓalli, inji ya yi sauran. Madalla. Allah ya kai mu ranar da za ka danna.

Aikin farko da Kawu ya ba ni, wani ɗan zobe ne na hannun rabo, abin da kafinta ke goge fuskar katako da shi. Ya miƙo min gutsuren alminiyam, wanda mu nan alu kawai muke ce masa, ya nuna min tur. Tur shi ne wancan dogon injin da ke juya ƙarfe kana fere shi kamar rake. Na ce wannan ai wasa ne. Na kunna, na tura bakin da ke fere ƙarfen, sai alu ya manne a bakin kamar ɗanko, fuskar zoben ta fito kamar kaza ta yi tono a kai. Kawu ya ajiye min gwangwanin kananzir da ɗan buroshi. Alu yana da laushi, amma laushin munafuki ne. In ba ka shafa masa kananzir ba ya manne, in ka matse shi da yawa ya lotse, in ka auna shi da zafinsa ya yi maka ƙarya, ya huce ya koma wani abu dabam. Watannin farko ban yi komai ba sai sharar ɓarɓashi da goge baki da magagari. Har a cikin tuwona ina tsintar ɓarɓashin alu.

Wancan mai kan da ke sauka daga sama shi ne firez, shi ke yanka kwari da daidaita fuska. Wannan da ke aljihuna kuwa, mai baki biyu kamar na kada, sunansa piye-a-kulis, ma'auni ke nan. Wanda ya yar min da shi ƙasa, ya kama hanyar gidansu kafin in juyo.

Shi kansa alu ɗin ba daga kanti yake zuwa mana ba. Tsoffin fistan na mota muke tarawa, da jant, wato ƙarfen da ake sa wa taya, wanda ya fashe, mu kai wa masu zuba tukunya su narka mana shi dunƙule-dunƙule. Kuma sai ka tsaya a kansu, da zafin wutar da zafin rana, don kana juya baya za su watsa gwangwanin lemo da tsohon murfin tukunya a ciki. Ka dawo ka fere, kana kaiwa tsakiya sai ga ramuka kamar burodi. Kafinta ya ɗaura wannan a inji, ya karye yana cikin aiki, ba alu za a zaga ba, uwarka za a zaga.

Kafintoci su ne mutanenmu. Injinan da suke aiki da su, wasu sun girmi Kawu, kamfanin da ya ƙera su ma ƙila ya mutu. In wani abu ya karye, ba shagon da za ka je ka saya, sai a zo nan a ce mu yi sabo. Matsalar ita ce yadda suke kawo awo. Wani zai zo da tsinken tsintsiya ya ce tsawonsa kamar nan. Wani da zare mai ƙulli biyu, zaren kuma irin mai miƙewa. Wani mutumin Kaélé ya turo min hoto a waya, ya ɗora babban yatsansa kusa da abin wai don in gane girmansa. Na kira shi na ce, maigida, yatsan naka lamba nawa ne? Wani daga Poli ya danna abin a jikin sabulu ya ba direba ya kawo, kafin motar ta iso sabulun ya zama kunu.

Waɗanda suka fi wayo a cikinsu su ne masu sassaƙo samfur. Kafinta ne, katako na hannunsa, sai ya sassaƙa maka abin da yake so daidai da katako, ya huda ramukan, ya gwada a injinsa, ya aiko maka. Kai kuma ka kwaikwaya da alu. Ni a lokacin ina ganin babu hanyar da ta fi wannan. Ina zaune a inuwa, aiki na zuwa da ƙafarsa. Kawu yakan ce, "Da can ni nake zuwa in ga injin da idona, gwiwoyin ne suka ƙare." Ni kuwa in ce a raina, Allah ya kyauta, ina mai tur guda in riƙa bin shaguna kamar mai gyaran takalmi?

Sai shekarar da ruwan madatsar Lagdo, inda ake samo mana lantarki, ya ja baya, wuta ta zama baƙuwa. A kawo ta kana alwala, kafin ka sallame an ɗauke. Tur yana tsaye, firez yana tsaye, mu muna zaune muna korar ƙuda, kwanon rufi yana gasa mu, ga bazara ta kai inda ko ƙadangare ba ya fita. A wannan shekarar ce Baba Hamadjam ya aiko da aikinsa.

Ku da kuka taso a garin nan kun san shi ko da a suna. Tsohon kafinta ne, Bafulatani, shi ne babba a layin kafintoci. Ba shi da wani muƙami a takarda, amma in ya ce wurin wane ana aiki mai kyau, duk layin can za su kwasa. In ya taɓe baki kuwa, ka fara neman wata sana'ar. Abokin kakana ne, tare suka yi ƙuruciya, don haka ni jika ne a wurinsa, muna wasa. Yana ce min ɗan kilando, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe.

Abin da ya karye masa maƙali ne na babban injin zarto. Dunƙule ne kamar tafin hannu, mai rami biyu. Akwai sanduna biyu na ƙarfe da suka fito daga ƙasan gefen teburin injin, maƙalin yana zura a kansu, shi ke riƙe miƙaƙƙen ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa lokacin yanka. In babu shi, yanka zai tafi kamar tafiyar maciji. Na asalin ya farfashe, masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun tafi da shi. Ga Baba da aikin ƙofofin wani sabon gida a hannu, mutanensa sun koma ja da zarton hannu suna tsine wa duniya.

Ya sassaƙo samfur da farin katako, sumul kamar a lasa, ya ba mai babur ya kawo, da saƙon cewa ya gwada da hannunsa, ya shiga daidai. Na karɓa na ɗora a kan taga. Babu wuta. Samfur ya kwana, ya sake kwana, ya fi mako yana kallona ina kallonsa. Ranar da wuta ta zo na yi tsalle kamar an ce ga amarya. Na auna samfur ta ko'ina, na yanka, na huda, na goge har ina ganin haƙorana a jiki. Na aika.

Kafin la'asar ga mai babur ya dawo da shi. Wai Baba ya ce bai shiga ba, rami ɗaya ya kama sanda, ɗayan ya kauce.

Na ɗauko piye-a-kulis. Na auna samfur, na auna nawa. Tagwaye. Na haɗa su fuska da fuska na leƙa ta ramin, na hango Kawu a can yana sakace. Na ce wa mai babur, "Koma ka ce wa tsoho abin da ya aiko shi na yi. In idonsa ya fara tafiya, ya nemi tabarau."

Kawu ya ce, "Da ka je ka duba."

Na ce, "Kawu, a wannan ranar? Laifin ba namu ba ne."

Baba ya sake sassaƙo wani, ya aiko, wannan karon babu ko gaisuwa. Wuta ta sake tafiya ganin dangi. Samfur na biyu ya hau taga ya zauna inda ɗan'uwansa ya zauna. Da aka kawo wuta na yi shi da hankalin da ban taɓa sa wa komai ba, ko jarrabawa. Na auna, na sake aunawa, na kira Kawu ya auna da kansa ya ce daidai ne. Na aika ina taƙama.

Ya dawo. Wannan karon har da tabon guduma a gefe, alamar an yi ƙoƙarin tilasta masa.

To a nan ne abin ya daina zama wasa. Baba bai zage mu ba, da ma zagin ya yi. A wurin mai shayin layinsu kawai ya ce, "Iliyasu ya tsufa, yaron kuma babur ya iya." Shi ke nan. Cikin 'yan kwanaki wani ya zo ya karɓi aikinsa da ban ma fara ba, wai zai ba direba ya kai Maroua. Wani ya wuce ta ƙofarmu ya ɗauke kai kamar muna bin sa da wuƙa. Aka kawo wuta yini guda cur, abin da muka daɗe muna roƙo, amma tur yana tsaye shiru don babu abin da za a ɗaura masa. Rashin wuta ana jurewa, kowa na ciki. Amma ga wuta ga inji babu aiki, wannan atilye ne ke mutuwa, kuma Kawu ya fi shekarun haihuwata yana gina shi.

Da safe ya kira ni. Ya ɗora samfur biyun da maƙali biyun a gabana, ya ce, "Ɗauki ma'auninka ka tafi."

"Kawu, in na je kamar na amsa laifi ne."

"Ka tafi. Kuma sharaɗi ɗaya. Duk abin da ka gani, kada ka buɗe bakin nan naka sai abin ya shiga."

"Ko gaisuwa?"

"Gaisuwa kawai. Ita ma gajera."

Ni da aka sani da baki, aka ce in yi shiru. Na hau babur ina ƙunƙuni har layin kafintoci. Ina sauka duk aka bar aiki ana kallona. Baba na zaune a kan benci yana wasa bakin kurfi.

Na ce, "Jam na, Baba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Jam. Ɗan kilando, fasinja ka kawo?"

Na haɗiye. Wallahi amsa uku ne suka zo min har maƙogwaro, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi, na mai da su ciki.

Injin yana can ƙuryar shago, sandunan kuma a ƙasan teburi suke, ba ka ganin su sai ka durƙusa. Na durƙusa cikin garin katako da baƙin mai, da wandona sabo na Juma'a. Na gwada maƙalina, bai shiga ba, kamar yadda aka ce. Sai wani abu ya ce min, gwada samfurin mana. Na ɗauko na katakon, wanda Baba ya rantse ya shiga daidai, na zura.

Bai shiga ba. Na ɗauko na biyun. Shi ma ya ƙi.

Na waiga na ga tulin farin katakon da ya sassaƙo su daga ciki, sabon saukewa daga tirelar kudu. Na taɓa ɗaya, sanyi kamar tulu. Ɗanye ne, da ruwan dajinsa a ciki. Baba ya sassaƙa shi yana jiƙe, ya gwada ya shiga. Ya zo tagarmu ya zauna ƙarƙashin kwano a zafin Garoua, ya bushe, ya tsuke, ramukan suka matso kusa da juna da kamar milimita biyu. Ni kuma na zauna na kwaikwayi tsukakken da duk ƙwarewata. Sau biyu!

Ku ba ku san azabar da na sha a wannan lokacin ba. Ga gaskiya a hannuna, ga jama'a a tsaye, ga bakina yana ƙaiƙayi, ga sharaɗin Kawu. Na cije leɓe. Na auna sandunan da kansu, kaurin kowace da tazarar da ke tsakaninsu. Na ga ma ɗayar ta ɗan cinye a baki saboda tsufa, abin da babu samfurin da zai gaya min. Na tashi, gwiwoyina baƙi ƙirin, na fita ban ce uffan ba. Ina ji wani yana cewa, "Yau ɗan kilando azumin magana yake."

Ban jira wutar gari ba. Na je na roƙi wani mai walda ya ara mana janareto, muka turo shi a amalanke. Na zaɓi dunƙulen da na fi yarda da shi, na fistan zalla. Na yanka, na bar shi ya huce, na auna, sannan na huda. Na kai shi da kaina, ban ba mai babur ba.

Na sake durƙusawa. Na ɗora shi a bakin sandunan, na tura da yatsa biyu. Ya tafi sulɓ, ya zauna, ko girgiza babu. Baba ya taso, ya kama shi ya jijjiga da ƙarfinsa na tsohon kafinta, bai motsa ba. Allah ya taimake ni akwai wuta a unguwarsu. Ya ɗaure ƙarfen jingina, ya kunna, ya tura katako. Yanka ya fita miƙe kamar layin sallah. Ya ɗaga katakon ya kai ido, ya daɗe yana leƙe.

Ya ce, "Booɗɗum," wato ya yi kyau a Fulatancinsu. Sai ya juya ga maƙwabcinsa, wanda ya karɓe aikinsa daga wurinmu, ya ce, "Bouba, kayan nan naka sun tafi Maroua?"

Bouba ya ce direba bai tashi ba tukuna.

"To karɓo. Ka nuna wa yaron nan injinka ya duba kafin ya tafi."

Nan take wasu biyu suka ce su ma akwai abin da suke so in gani. Atilye ya dawo da rai ke nan, a gaban idona. Mai hankali da sai ya yi godiya ya wuce. Amma ni na tuna sharaɗin Kawu: sai abin ya shiga. To ai ya shiga.

Na ce, "Tsoho, tsaya. Jama'a ku matso, akwai sinima."

Na ɗauko samfurin farko na miƙa masa. "Wa ya sassaƙa wannan?"

"Ni."

"Ka ce ya shiga daidai?"

"Ya shiga."

"Bisimilla, sa mu gani."

Na cire sabon maƙalin na ba shi wuri. Ya gwada, ya ƙi. Ya juya shi, ya ƙi. Ya ɗaga shi ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce, na ga ya gane tun kafin in faɗa. Amma ina, ai sai na faɗa.

"Ɗanyen katako, Baba! Kai da aka haifa a cikin garin katako! Ka aiko min abu yana tsukewa a hanya, sannan ka je wurin mai shayi ka ce babur na iya?"

Aka kwashe da dariya. Baba ya ce, "Ranar da na aiko shi daidai yake. Wa ya ce ka shanya shi a taga kamar kilishi?"

"Babu wuta!"

"Babu wuta, babu ƙafa kuma?"

"Aikina in yi abin da aka kawo min. Ka auna nawa ka auna naka, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Na farko daidai, na biyu daidai. Ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. A gaban mutanen nan ka ce ɗan kilando, a gabansu nake so ka ce Sallau ya yi gaskiya."

To kafin in gaya muku abin da ya ce, ku sake kallon wandon nan. Tun daga ranar babu aikin da nake karɓa ban je na ga injin ba. A kawo samfur, a kawo tsinke, a kawo hoton yatsa, duk ina karɓa da hannu biyu, sannan in hau babur. Na je Kaélé, na je Poli, na durƙusa a shagunan da ko akuya ba za ta yarda ta kwanta ba. Duk wandunana haka suke, Inna ta gaji da faɗa. Ku ma gobe kowa ya zo da wandon da ba ya so.

Baba Hamadjam ya karɓi sabon maƙalin daga hannuna, ya mayar da shi da kansa, ya ɗaure. Ya kalle ni daga sama, idonsa ya sauka kan gwiwoyina ya tsaya.

Ya ce, "Ka yi gaskiya, jikana. Sau biyu kana yin gaskiya injina na kwance, ko ƙofa ɗaya ba ta yanka min ba. Tafi da ita gida, ba mu da inda za mu ɗaura ta a nan. Gwiwar nan dai ka riƙa kawo mana."